IN ZA MU YI KUKAN UROMI, MU YI SHI DA GASKIYA

'Yan uwana ɗaliban arewa da ke karatu a kudu.

Rubutun nan dogo ne, kuma na san wasu ba za su ji daɗinsa ba. Wanda ya fara, dan Allah ya kai ƙarshe kafin ya zage ni. In ya gama ya ga har yanzu na cancanci zagin, bismillah, ga wuri nan a ƙasa.

Ranar Juma'ar ƙarshe ta azumin 2025, na riga na haɗa jakata, da niyyar in bar Benin da asubahin Asabar in je gida sallah. Ina dawowa daga masallaci na buɗe waya, sai bidiyon nan ya faɗo. Ban kai rabinsa ba na kife wayar. Ba a jima ba Umma ta kira, ko sallama ba ta tsaya amsawa ba. "Kana ina? Kada ka kuskura ka hau hanyar nan. Ka yi sallarka a can, na yafe." Haka na kwance jaka. Na yi sallar idi a garin mutane da tsohuwar shadda, kuma ko ita sai da na yi shawara da zuciyata kafin na sa hula na fita titi.

Kowa ya san abin da ya faru, amma bari in maimaita saboda kada mu saba da shi. Ranar Alhamis 27 ga Maris, 2025, mafarauta 'yan arewa sun taso daga jihar Ribas a babbar motar kaya za su gida sallah. A Uromi, cikin ƙaramar hukumar Esan ta Arewa maso Gabas a nan jihar Edo, 'yan banga suka tare motar. Suka ga bindigogin farauta irin na gargajiya, suka ce ai masu garkuwa da mutane ne. Jama'a ta taru. Mutum 16 aka kashe, aka banka musu wuta, a watan azumi, saura kwana uku sallah. Da yawansu mutanen Torankawa ne a ƙaramar hukumar Bunkure ta jihar Kano. Ba wanda ya kai su gaban alƙali. Ba wanda ya kira mutumin da aka taɓa sacewa ya ce zo ka duba, ka ga fuskar wanda ya kama ka a nan?

Mu da muke zaune a nan mun san zafin abin ta wata fuska daban da na 'yan gida. Hanyarmu ce. Duk wanda ke bin Auchi da Okene da Lokoja ya san yadda gaba ke faɗuwa in an tsayar da mota a daji da dare aka haska fuskarka da tocila. A makon nan na ga abokai sun daina amsa waya da Hausa a cikin bas. Na ga wanda ya aske gemun da ya shekara biyu yana tarawa. Mai shayin bakin layinmu kwana huɗu bai kafa tebur ba. To kada wani ya karanta abin da zan faɗa ya ce ban ji zafin Uromi ba. Na ji, har yanzu ina ji.

Abin da ya sa na zauna rubutu shi ne abin da na gani a guruf ɗinmu na WhatsApp bayan nan.

Da farko addu'a ce ake ta yi, alhamdulillahi. Kafin dare sai ga wata murya an turo, wani da ba mu ma san shi ba, yana cewa matasan Kano su fito, akwai 'yan kudu a Sabon Gari, akwai motocinsu a tasha, a nuna musu mu ma mun iya. Mutum nawa suka danna masa alamar wuta da ta babban yatsa? Na ƙirga, sun fi ashirin. Ɗaliban jami'a fa! Wasu a aji huɗu, wasu ma shari'a suke karantawa.

Sai wani ɗan'uwa ya jero lissafi. Kasuwar Sasa a Ibadan, Fabrairun 2021. Matafiyan da aka tare a hanyar Rukuba a Jos, Agustan 2021, suna dawowa daga zikiri a Bauchi. Matar nan mai ciki da aka harbe da 'ya'yanta huɗu a jihar Anambra, Mayun 2022. Yanzu kuma Uromi. Ya rufe da cewa jinin ɗan arewa ba shi da daraja a ƙasar nan.

Lissafinsa gaskiya ne, ba ƙarya ko ɗaya a ciki. Amma rabi ne. Sai na ce masa Malam, ƙara waɗannan. Ɗalibar nan ta Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari a Sakkwato, 12 ga Mayu, 2022, wadda 'yan uwanta ɗalibai suka jefe suka ƙone a cikin makaranta. Mahaucin nan na mayankar Sakkwato, Yunin 2023, musulmi ɗan'uwanmu, da aka jefe shi har lahira a kan wata magana da aka ce ya faɗa. Da duk wani yaro da aka taɓa yi wa ihun ɓarawo a kasuwanninmu aka rataya masa taya, wanda ko sunansa ba a rubuta ba.

Wallahi kamar na taɓa gidan rina. Wani ya ce zaman kudu ya lalata ni. Wani ya ce neman suna nake a wajen arna. Wani, wanda muke cin abinci kwano ɗaya, ya biyo ni ta gefe ya ce, "Haba ɗan'uwa, yanzu ne lokacin wannan maganar?" Daga ƙarshe aka goge rubutuna, aka bar muryar mai kiran a je Sabon Gari.

To ga ni na kawo maganar inda ba mai goge ta sai ni.

Kafin in amsa musu, bari in fara da kaina, don kada a ɗauka wani waliyyi ne ke wa'azi. Bara, a unguwar da muke haya a bayan makaranta, wajen ƙarfe tara na dare aka yi ihun ɓarawo. Wai wayar wata ɗaliba ce ta ɓata a shagon caji. Aka kama wani yaro da bai fi shekara goma sha bakwai ba, an ce an gan shi yana shawagi a wajen. Kafin minti biyar mutum sun fi hamsin a kansa, kuma yawancinsu ɗalibai. Bel, katako, dutse, guga. An caje shi ba a samu waya ba, sai aka ce ai ya miƙa wa abokinsa. Na ji da kunnena wani yana tambayar ina za a samu fetur. A cikin masu dukan akwai namu mutum biyu, ɗaya ma da carbi a hannunsa na hagu.

Ni me na yi? Na tsaya. Ban doke shi ba, amma ban ce uffan ba. Na gaya wa kaina ni baƙo ne a garin nan, in na sa baki za a ce abokin satarsa ne, a haɗa da ni. Wadda ta ceci yaron wata tsohuwa ce mai suyar ƙosai a bakin layi, 'yar garin, ba ta yi boko ba. Ta kutsa cikin mutane tana ihu da yarensu, ta kwanta a kansa, ta ce sai dai a haɗa da ita. Aka yi cirko-cirko har motar 'yan sanda ta iso. Har yau ban san ko ya ɗauki wayar ko bai ɗauka ba. Waɗanda suka fasa masa kai ma ba su sani ba. Da an samu fetur a daren nan, da yanzu mu ma muna da namu Uromin, da hannun ɗaliban jami'a, ni kuma ina cikin 'yan kallo.

Tun daga daren na gane abin nan ba shi da ƙabila. Duk inda aka yi shi, salonsa ɗaya ne. Da farko a laƙaba wa mutum suna: ɓarawo, mai garkuwa, maye, mai satar mazakuta, mai ɓatanci. Da zarar sunan ya kama shi, ya tashi daga mutum. Duk abin da ya faɗa don kare kansa ƙarin hujja ne a kansa. In ya yi kuka, a ce munafunci. In ya yi shiru, a ce ka gani, ya amsa. Sai taro ya yi yawa, kowa ya sa hannu kaɗan, ta yadda ba wanda zai kwana yana jin shi ne ya yi kisa. Wannan mari ɗaya ya yi, wancan taya kawai ya gangaro, wani ashana kawai aka ara a wajensa. Sauran kuma mu ne, masu tsayuwa da masu ɗaga waya.

A lakca an taɓa ba mu labarin wani gwaji da wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, John Darley da Bibb Latané, suka yi a Amurka a 1968. Suka sa ɗalibi a ɗaki shi kaɗai yana magana da wasu ta na'ura, sai ya ji kamar ɗaya daga cikinsu farfaɗiya ta kama shi yana neman taimako. Waɗanda suka ɗauka su kaɗai ne ke jin sa, kashi 85 cikin ɗari sun tashi neman agaji. Waɗanda suka ɗauka akwai wasu mutum huɗu da ke ji, kashi 31 ne kawai suka motsa. Ranar da aka koyar da mu na rubuta ne don jarrabawa. A daren yaron nan na ga kaina a cikin lissafin. Yawan mutane ba ya ƙara tausayi, raba nauyin yake yi har kowa ya ji nasa bai kai ya motsa ba.

Kuma ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar nan. Ƙungiyar Amnesty International ta fitar da rahoto a Oktoban 2024, ta ce daga Janairun 2012 zuwa Agustan 2023 ta tattara bayanan aƙalla mutum 555 da irin wannan hukuncin taron jama'a ya rutsa da su a Najeriya, kudu da arewa. Waɗanda labarinsu ya fito kenan. Ku tuna Aluu a jihar Ribas, Oktoban 2012. Ɗalibai huɗu na Jami'ar Fatakwal, 'yan kudu, mutanen kudu suka yi musu tsirara, suka doke su, suka ƙone su a kan zargin sata. Babu Bahaushe a cikin waɗanda aka kashe, babu a cikin waɗanda suka kashe. Wutar da ta ci su ita ce ta ci mafarautanmu.

Yanzu ga amsata ga 'yan uwana, ɗaya bayan ɗaya.

Masu cewa na Sakkwato daban ne, ai wannan taɓa Manzon Allah aka yi, sallallahu alaihi wa sallam. Ku saurare ni da kyau. Ba wanda ya fi wani son Annabi a nan, kuma ban ce ɓatanci ƙaramin abu ba ne. Tambayata ita ce, wa ke yanke hukunci? A wane littafin fiƙihu, daga Ahalari har Risala har Askari, aka ce in an zargi mutum sai 'yan ajinsu su taru su zartar? Duk wanda ya zauna gaban malami ya san haddi aikin hukuma ne. Sai an kai gaban alƙali, an kawo shaidu, an ji ta bakin wanda ake tuhuma, kuma shubuha tana kawar da haddi. Ya kuma san an hana azabtarwa da wuta, ko da a fagen yaƙi ne. Sakkwato tana cikin jihohin da suka ƙaddamar da shari'a tun farkon shekarun 2000, kotuna suna nan, alƙalai suna nan. Majalisar Sarkin Musulmi da kanta ta fito ta yi tir da kisan. Shin mun fi fadar Sarkin Musulmi kishin addini ne? Sannan shekara ɗaya bayan nan, wa aka jefe? Musulmi mai salla, a wajen sana'arsa. Ƙofar da aka buɗe don wani, ba ta tambayar addinin na biyu.

Kuma ku lura da wani abu. Mutumin Uromi da ya ɗauko taya, shi ma a ransa yana da dalilin da yake ganin ya isa. Yankin nasu ya sha fama da masu garkuwa da mutane, an sace musu 'yan uwa a gona, an kashe wasu, sun gaji. In ka tambaye shi zai ce maka kare garinsa yake yi. Dalilinsa bai halatta masa jinin mutum 16 ba, ko kusa. To in muka ce namu fushin ya isa ya sa a tsallake alƙali, da wane baki za mu ce nasa bai isa ba? Ƙa'idar ɗaya ce. Ko dai ba mai kashe mutum sai kotu ta tabbatar da laifinsa, ko kuma kowane taro ya zama kotu a unguwarsa. In na biyun muka zaɓa, to mu sani a nan kudu mu ne marasa yawa.

Masu cewa ba yanzu ne lokacin maganar ba. To yaushe ne? A Mayun 2022 an ce ba lokacinta ba ne, rai a ɓace yake. Da ƙura ta lafa kuma ba wanda ya sake ɗago ta. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ni a ganina yanzu ne ma lokacin, yanzu da muka ɗanɗana. Yau mun san yadda uwa ke ji in aka ce mata ga bidiyon ɗanki yana ci da wuta, mutane suna dariya. Wannan jin shi ne ya kamata ya sa mu rantse ba za a ƙara yi da hannunmu ko da shirunmu ba. Kuma ku gaya min gaskiya, sau nawa kuka yi musu da abokan karatu a kan Uromi suka jefo muku Sakkwato, kuka rasa ta cewa? Ni an jefo min. Abin da ya ba ni bakin magana shi ne na ce musu na yi tir da wancan, ina tir da wannan, kai fa? A nan ne ake gane wanda ke ƙin zalunci da wanda ke ƙin kawai a taɓa nasa.

Sai masu cewa in ba mu rama ba za a raina mu. Wannan ita ce maganar da ta fi ba ni tsoro, domin an gwada ta, ba sau ɗaya ba. A Yulin 1999 aka yi rikicin Shagamu, gawarwaki suka isa Kano, aka rama a kan Yarabawan Kano. A Fabrairun 2000 aka yi na Kaduna, gawarwaki suka isa gabas, aka rama a kan Hausawan Aba. A Fabrairun 2006 aka yi na Maiduguri, aka rama a kan Hausawan Onitsha. A cikin duk waɗannan, ku nuna min wuri ɗaya da ramuwar ta faɗa kan wanda ya yi laifin farko. Babu. Mai sayar da kayan gyaran mota a Sabon Gari, wanda aka haifa a Kano, yake jin Hausa kamar ni, me ya haɗa shi da 'yan bangar Uromi? Kuma in an taɓa shi, wa zai biya? Ba mai muryar nan ba, shi yana kwance a ɗakinsa a gida. Mai shayin layinmu ne zai biya. Masu dakon kaya a Aduwawa, masu facin takalmi, masu yankan farce, masu tura baro a Mile 12, 'yan Sabo a Ibadan, da ni da kai da ke kwana a ɗakin haya mai ƙofar falange. Wanda ke kiran ramuwa daga nesa, da wuyanmu yake caca.

Mun ma ga yadda laifin mutum kaɗan ke zama na kowa. A watan Mayun nan dai na 2022, wasu 'yan acaɓa a Lekki suka kashe wani matashi mai haɗa sauti suka ƙone shi a kan rigimar canji. Daga 1 ga Yuni gwamnatin Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida. 'Yan uwanmu nawa ne da ba su ma san an yi abin ba suka rasa abincinsu? Mun ji haushin yadda aka yi mana kuɗin goro a lokacin. To kuɗin goron ne mu ma muke son yi wa wasu.

Na san abin da ke ƙarƙashin duk wannan, kuma ba zan yi kamar ban sani ba. Mutane ba su yarda da hukuma ba. Ka kama ɓarawo ka kai caji ofis, kafin ka dawo gida ya riga ka isowa unguwa. Shari'a ta shekara biyar ana ɗagawa. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin ƙasar nan jiran shari'a suke, ba a yanke musu hukunci ba. Duk gaskiya ne. Amma ku duba wa taron jama'a ke ƙonewa. Kun taɓa jin an rataya wa wanda ya sace kuɗin fansho taya? Kun taɓa jin an tare jerin motocin wani babba an ce a caje? Kullum talaka ne, baƙo, mai tabin hankali, tsohuwa, wanda bai iya yaren garin ba. Wannan ba gyaran shari'a ba ne. Huce haushi ne a kan wanda ba shi da kowa.

To me nake so mu yi, tunda na ce kada a rama?

Na farko, mu riƙe shari'ar nan kada mu sake ta. 'Yan sanda sun ce sun kama mutum 14. Gwamna Monday Okpebholo ya je Kano ta'aziyya, ya gana da Gwamna Abba Kabir Yusuf, an yi alkawarin hukunci da biyan diyya. Madalla. Amma mun san halin ƙasarmu, alkawari a gaban kyamara ba shi da wuya. A shari'ar Aluu sai a Yulin 2017, kusan shekara biyar, kotu ta yanke wa mutum uku hukuncin kisa, cikinsu har da ɗan sanda. Ta yi jinkiri, amma ta nuna ana iyawa in akwai masu bibiya. Muna da 'yan uwa masu karatun shari'a a nan. Maimakon tura alamar wuta, ku zauna ku rubuta takarda da sunan ƙungiyarmu ta ɗalibai, ku tambaya a wace kotu aka gurfanar da su, da wace tuhuma, yaushe ne zama na gaba, iyalai nawa suka karɓi diyya. Duk wata a sake tambaya. Kundin tsarin mulkin 1999 yana bayanmu. Sashe na 33 ya ba kowa haƙƙin rayuwa, sashe na 36 ya ce mutum ba mai laifi ba ne sai an tabbatar a kotu, sashe na 41 ya ba kowane ɗan ƙasa damar tafiya da zama a ko'ina a Najeriya. Ko da a ce bindigogin nan ba su da takarda, wannan magana ce ta ɗan sanda da alƙali, ba ta fetur ba.

Na biyu, mu gaya wa shugabannin mafarauta da na 'yan uwanmu masu ci-rani gaskiya. Ƙasar ta canza, tsoro ya yi wa mutane yawa. Tafiya da makami a bayan tirela cikin garuruwan da ake fama da satar mutane tana bukatar tsari, da katin shaida, da takardar 'yan sanda, da sanar da sarkin Hausawan garin da za a ratsa. Wannan ba ɗora wa mamata laifi ba ne, Allah Ya kiyaye. Kare na gaba ne.

Na uku, dan girman Allah a daina yaɗa bidiyon. Waɗannan mutane suna da iyaye da mata da 'ya'ya, kuma suna da waya. Ka yi tunanin yaron da zai girma ya tarar da mutuwar ubansa tana yawo a wayoyin mutane. In hujja ce, hukuma ta riga ta samu. Abin da ya rage kawai hura wuta ne. Duk wanda ya turo murya ko rubutu na kiran a far wa wasu, masu kula da guruf su cire shi nan take, ko shi wane ne.

Na huɗu, kuma shi ne mai wuyar, mu yi wa kanmu alkawari a kan ihun ɓarawo na gaba, domin za a yi shi, wataƙila a hostal ɗinku, wataƙila a kasuwar garinku in kun koma hutu. Ban ce kowa ya iya abin da tsohuwar nan ta yi ba. Amma kana iya kiran jami'an tsaron makaranta ko 'yan sanda a minti na farko, ba na ashirin ba. Kana iya kama hannun abokinka ka ce kai wane, bari. Kiran mutum da sunansa yana fizgo shi daga cikin taro, ya tuna shi wane ne. Kuna iya haɗuwa ku uku ku ce a kulle shi a shago har hukuma ta zo. Ka sa lambar ofishin tsaro a wayarka yau, kada ka bari sai ranar.

Mu ne aka ce mun yi karatu. Gobe a cikinmu za a samu alƙalai da DPO da shugabannin ƙananan hukumomi da limamai. In a yau, muna da shekara ashirin da 'yan kai, mun koyi cewa kisan taro mummuna ne in an yi mana, amma akwai uzuri in mu muka yi, to haka za mu hau kujerun nan da shi, kuma 'ya'yanmu za su zo kudu karatu su tarar da hanyar Auchi yadda muka bar ta.

Ɗan'uwana da ya biyo ni ta gefe, na san kana karantawa. Ban yi fushi ba, kwanonmu yana nan. Amma amsar tambayarka ita ce e, yanzu ne lokacin.

Allah Ya jiƙan mafarautan Uromi, Ya karɓi shahadarsu, Ya ba iyalansu haƙuri, Ya tona asirin duk mai hannu a jininsu. Allah Ya kare mu a garuruwan mutane, Ya kare baƙin da ke garuruwanmu, Ya mayar da mu gida lafiya da abin da muka zo nema.

Wanda yake ganin na yi kuskure, ya kawo hujja, zan karanta.